Baƙin man sintetik a a-kori-kura: ka yi lissafi tukuna

Jama'a, idan motarka na ɗaukar kaya masu nauyi ko tana doguwar tafiya cikin zafi, sayi sintetik, wato baƙin man da aka harhaɗa da sinadarai.

Ya fi tsada, gaskiya ne. Amma zafin inji ba ya saurin lalata shi, kuma ba ya tara dauɗa kamar na gargajiya. Ni dai da ina juye duk kilomita 5,000, yanzu Hilux ɗina tana kai 8,000 lafiya lau. Ka duba littafin motarka, ka bi lambar kaurin man da ya ce.

Idan injinka tsoho ne, yana shan mai ko yoyo, asarar kuɗi kawai za ka yi. A hanyar ƙura kuma dole ka yi juye da wuri, ka sauya filta.

Jabu ya yi yawa a kasuwa, duba murfin galan ɗin kafin ka biya.