Yadda ake haɗa shirin rediyo kan mawaƙin Armeniya da ya tashi a ƙetare

Mai gabatar da shirin waƙoƙin ƙasashen waje a tashoshin Bauchi yakan yi tuntuɓe a wuri guda: ya ga an ce mawaƙi ɗan Armeniya ne, sai ya sanar cewa can aka haife shi. Sau da yawa ba haka ba ne. Armeniyawan da ke zaune a ƙetare sun fi na cikin ƙasar yawa, ita kuwa mutanenta kusan miliyan 3 ne. Don haka aikin farko shi ne raba abu uku a takarda: inda aka haifi mutum, asalin iyayensa, da harshen da yake waƙa da shi.

Mu ɗauki Charles Aznavour. A Faris aka haife shi ranar 22 ga Mayu, 1924, iyayensa Armeniyawa ne masu gudun hijira, yawancin waƙoƙinsa kuma da Faransanci suke. Bai samu takardar zama ɗan ƙasar Armeniya ba sai 2008, yana da shekara 84. Mai sauraro a Wunti ko Yelwa zai gane batun nan take idan ka kwatanta masa da jikokin Hausawan da suka zauna a Sudan kan hanyar Makka.

Idan filin na minti 30 ne, ɗauka minti 25 gare ka, talla da taken shiri za su cinye sauran. Ba magana minti 13, waƙa minti 12, wato waƙoƙi huɗu ke nan. Karanta rubutunka da ƙarfi kana duba agogo tun kafin ka shiga situdiyo, domin Hausa ta fi cin lokaci a baki fiye da yadda take a takarda.

Kada ka jero shekaru tun daga haihuwa har mutuwa, mutane za su juya akala. Zaɓi mahaɗa uku ka tsaya a kansu. A tarihin Aznavour, ta farko haɗuwarsa da shahararriyar mawaƙiyar Faransa Edith Piaf a 1946, wadda ta ja shi a jiki lokacin da masu sharhi ke kushe muryarsa. Ta biyu, wadda ta fi cancantar lokacinka, girgizar ƙasar 7 ga Disamba, 1988 a arewacin Armeniya, da ta kashe mutum kusan 25,000. Ya kafa gidauniyar agaji, ya tara mawaƙan Faransa suka yi waƙar neman taimako. A nan ne ɗan ƙetare ya koma wa tushensa, har aka naɗa shi jakadan Armeniya a Suwizalan a 2009. Ta uku rasuwarsa ranar 1 ga Oktoba, 2018, yana da shekara 94, makonni kaɗan bayan wasansa na ƙarshe a Japan.

Dole ka taɓo abin da ya warwatsa su, wato kisan da aka yi wa Armeniyawa a daular Usmaniyya ta Turkawa daga 1915. Faɗi cewa Faransa da Amurka sun amince kisan ƙare-dangi ne, Turkiyya kuma ba ta yarda da wannan suna ba. Tsaya nan. Idan za a buɗe layin waya, gargaɗi mai karɓar kira tun da wuri, don akwai wanda zai so ya mai da maganar ta addini.

Kowace waƙa ka kai wa malamin Faransanci ya fassara maka ita kafin ta hau iska. Daɗin kiɗa yakan rufe baitin da bai dace da gidan da yara ke sauraro ba, kuma kai za a kira, ba mawaƙin ba.

Tsofaffin waƙoƙin da aka kwafo daga faifan garmaho sautinsu ƙasa yake, sababbi kuma sama, shi ya sa ake jin murya na faɗuwa tana tashi. Daidaita su duka a Audacity, manhajar gyaran sauti, kada kuma ka karɓi MP3 da ingancin sautinsa bai kai 128 kbps ba. Tambayi manaja ko lasisin haƙƙin mallaka na tashar ya shafi waƙoƙin waje, musamman idan za a ɗora shirin a Facebook, inda akan toshe sautin irin waɗannan waƙoƙi.