Yadda ake kai yara kallon kiɗa da wasa a filin gari, su dawo lafiya

Da zarar an yanke gero da dawa, amfani ya shiga rumbu, sai filayen ƙauyukan Kano da Jigawa su ɗauki harama. Nan kalankuwa, can kokawa, wani garin kuma dambe ranar kasuwa. Da sallah ga hawan hakimi a garin gunduma, ga na sarakuna a Dutse, Haɗejia, Gumel, Kazaure da Ringim. Galibin waɗannan kallon ba a biyan ko kwabo, sai dai damben da aka kewaye da zana ana karɓar kuɗin ƙofa. Yara suna da haƙƙi a wannan kallo. A nan yaro yake jin yadda kalangu ke kiran sunan mutum, yake bambanta algaita da kakaki, yake gane cewa tambari ba na kowa ba ne, na sarauta ne. Abu biyu ne ke gyara fitar ko su ɓata ta: inda kuka tsaya, da lokacin da kuka bar filin.

Kafin ranar, ku tambayi mai unguwa ko sarkin samari wa ya shirya wasan, ƙarfe nawa za a fara, kuma ko akwai 'yan sintiri. Wasan la'asar shi ne na yara. Wanda ake farawa bayan isha'i a kai har tsakar dare da janareto ba nasu ba ne, ko da sun yi ta kuka. Jaririn da bai kai wata 6 ba a bar shi a gida tare da uwarsa, don nono kaɗai yake sha, ga ƙura ga ƙara. Babba ɗaya ya riƙe yara biyu, in sun yi yawa uku. Kada a lissafa yarinya 'yar shekara 10 a cikin manya don ta iya goyo, ita ma kallo ta zo yi, hankalinta yana kan makaɗa.

Shiri ya danganta da lokaci. A shekarun 2025 da 2026 ƙaramar sallah a watan Maris take, babba kuma wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, wato cikin bazara, lokacin da zafi kan kai digiri 40. Wasannin kaka kuwa suna haɗuwa da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: rana da ɗumi, amma tana faɗuwa sanyi ya sauko. Da bazara a sa musu kaya marasa nauyi da hula ko ɗankwali. Da hunturu a tafi da rigar sanyi a jaka, a shafa musu man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafa, a riƙe ƙyalle mai tsabta na rufe hanci idan ƙura ta tashi. Yaro mai asma ba a fita da shi sai da maganin shaƙarsa a aljihun babba. Takalmi ya zama rufaffe, domin yawancin filayen nan gonaki ne da aka girbe, cike da tushiyar kara da ƙarangiya da tsidau, kuma silifas na tsinkewa da zarar an taka shi a cunkoso.

Ruwa a ƙiyasta leda biyu ga kowane yaro, lita ɗaya ke nan, don zaman awa uku, da zafi a ƙara ɗaya. A ciyar da su a gida su ƙoshi kafin a fita. Zoɓo da kunun zaƙin da aka ɗura tun safe a robobin da ba a san wa ya wanke su ba, su ne kan jawo gudawa washegari. In za a saya musu abu, a sayi wanda aka kwashe daga wuta a gabanku, kamar awara ko ƙosai, ko wanda ake ɓarewa kamar rake da lemo. Kada a ba ɗan ƙasa da shekara 4 gyaɗa ko alawa mai tauri a wurin da ake guje-guje da ihu, tana iya sarƙe shi. Sauran kayan jaka: tabarma, tocila, buta da ɗan sabulu, da canjin ƙananan kuɗi idan yaro zai yi wa makaɗi kari.

Yanzu maganar wurin tsayawa, wadda ita ce babba. Ku isa kamar rabin awa kafin a fara, tun fili bai cika ba, ku zaɓi gefe mai inuwa wanda bayanku yake a buɗe, akwai hanyar fita. Kada ku jingina da katanga ko shinge, domin in turmutsitsi ya tashi, wanda ke jikin bango shi ake matsewa. Ku duba inda iska ke kaɗawa. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, to ku zauna ta wannan ɓangaren, ƙurar 'yan wasa ta wuce gaba, ba ta dawo idon yara ba. Sahun gaba yana da daɗin kallo, amma a kokawa da dambe da'irar kan fashe idan aka yi kaye ko kisa, wato aka kai ɗan dambe ƙasa, magoya baya su ruga cikin fili. Sahu na uku ko na huɗu, ko wani ɗan tudu, ya fi. Kuma kada a bar yara su hau bishiya ko katangar ƙasa ko kan amalanke. Reshe ɗaya yaro goma, ƙarshensa karaya.

Lasifika tana cutar da kunne fiye da yadda mutane ke zato. Ƙarar da ta kai desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, tana lahani idan aka daɗe a cikinta awa 8, wadda ta kai 100 kuwa minti 15 ya isa, kuma bakin babbar lasifika yakan wuce haka. Sauƙin abin shi ne, a fili buɗaɗɗe duk sanda aka ninka nisa, ƙarar na raguwa da kimanin desibel 6. Ku matsa taku 20 zuwa 30 daga gare ta, kuma ta gefe, ba saitin bakinta ba. Ga ma'auni mai sauƙi: idan sai kun ɗaga murya kafin wanda ke kusa da ku ya ji, wurin bai dace da yaro ba. Yaron da ya toshe kunne da hannu ya riga ya gaya muku. Janareto da wayoyinsa da ke kwance a ƙasa su ma a yi nesa da su.

Ranar hawa akwai ƙarin dawaki da 'yan bindiga. Ba a tsayawa a bayan doki, ba a tsallaka hanya tsakanin ayari da ayari, kuma ba a tsayawa a kwana ko a ƙarshen wurin sukuwa inda mahaya ke jan linzami su yi jinjina, nan ne doki kan ƙwace. Ku gaya wa yara tun a gida cewa za su ji harbi, albarushi ne na murna, kada su gudu. Firgitar da ke sa yaro ya fizge hannunsa ya faɗa ƙafafun dawaki ta fi harbin kansa haɗari. Ƙaramin yaro a saɓa shi a kafaɗa har ayarin ya wuce.

Ɓatan yaro a taro abu ne na ƙiftawar ido, musamman da sallah da kowa ke cikin sabon ɗinki iri ɗaya. Kafin a fita a ɗauki hotonsa a waya da kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar waya a takarda a sa masa a aljihu, ko da biro a damtsensa. A koya masa cikakken sunan mahaifinsa da sunan unguwarsu, don "Baba" kawai ba ya kai kowa gida. Da kun isa, nuna masa alama ɗaya da ake hangowa daga ko'ina, kamar kuka ko masallaci, ku ce: "In ba ka gan ni ba, tafi can ka tsaya, kada ka bi kowa, ni zan zo." In abin ya faru, mutum ɗaya ya tsaya da sauran yaran, ɗaya ya tafi wurin sanƙira nan take a yi shela da suna da launin riga. Kada a ɓata minti goma ana zagaye tukuna.

Ku riƙa duba su, ba sai sun yi magana ba. Yaron da ya yi laushi, leɓensa ya bushe, ya daɗe bai yi fitsari ba, a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In akwai gudawa ko amai, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu ko ya kasa sha, a wuce asibiti mafi kusa ba tare da jira ba. Haka zazzaɓi da ciwon kai da sandarewar wuya a kwanakin da suka biyo baya, domin daga hunturu zuwa bazara lokacin sanƙarau ne, kuma cunkoso da ƙura na taimaka masa.

Ku tashi kafin wasan ƙarshe, kamar minti 20 kafin magariba. Karon manyan 'yan wasa a ƙarshe ake ajiye shi, a lokacin ne rai ke ɓaci, a lokacin ne kuma 'yan acaba ke tashi gaba ɗaya cikin ƙura, wasu babu fitila. Ku sanar da yara wannan sharaɗin tun a gida, don kada a yi ta ja-in-ja a fili. A ƙirga su kafin a bar wurin, a sake ƙirgawa a bakin hanya. In a babur za a koma, yaro ya zauna tsakanin manya biyu, ba a kan tanki ba, ƙafarsa nesa da salansa. In a ƙasa ne, a bi hanyar da mutane ke bi, mai tocila a gaba, kada a yanke ta cikin gona, don kunama da kububuwa da almuru suke fitowa.