Shawara ga wanda ya gaji tarin kan sarki

'Yan uwa, wanda ya tarar da tsofaffin kan sarki a adakar mahaifinsa, kada ya ɓamɓare su daga jikin ambulan, domin hatimin gidan waya mai ɗauke da sunan gari da kwanan wata, kamar na Haɗeja ko Kazaure, yakan ƙara musu daraja. A duba rubutun da ke kansu: masu "Northern Nigeria" an fitar da su tsakanin 1900 da 1914, masu kuɗin sule da kobon Ingila kuwa sun riga zuwan naira a 1973. Tsufa kaɗai ba ya kawo tsada, tunda yawancinsu an buga su da yawa. Yagewar haƙoran gefe kuma tana karya farashi. A nesanta su daga danshin damina da gara, a kuma ji bakin masu saye fiye da ɗaya kafin a sallama.