Yadda ake ci gaba da labarin mai binciken sirri bayan rasuwar marubucinsa

Marubuci ya kwanta dama, amma jarumin da ya ƙirƙira yana nan zaune a ofishinsa, yana jiran wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa da sabuwar matsala. Masu karatu ba su ƙoshi ba, kamfanin ɗab'i ma haka. Idan kai aka miƙa wa alƙalamin, ko kana fatan a miƙa maka, ga yadda ake bi.

Fara da izini, tun kafin ka rubuta layi ɗaya. Jarumin nan gado ne, yana da masu shi. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, haƙƙin mallaka yana kaiwa shekara 70 bayan mutuwar marubuci. Galibi ma magada da kamfanin ɗab'i ne suke zaɓen wanda suke so. Da marubuci Robert B. Parker ya rasu a 2010, Ace Atkins aka ba amanar jaruminsa Spenser, mai binciken sirri na birnin Boston, littafin Spenser na farko da Atkins ya rubuta ya fito a 2012. Wani gidan kuwa ƙofa a rufe take. Sue Grafton tana bin haruffa ne wajen sa wa littattafanta suna, ta rasu a 2017 tana kan Y, iyalinta suka ce nan zancen ya tsaya. Har yau babu Z. In an yarda maka, a rubuta komai a yarjejeniya: sunan wa zai hau bango, yaya rabon kuɗi, wa ke da ikon cewa a cire babi kaza.

Sai karatu. Ka bi littattafan tun daga na farko har na ƙarshe, a jere, da ɗan littafin rubutu a gefenka. Ba makircin labarin kake farauta ba, ƙananan abubuwa ne: abin da yake sha, hannun da ke da tabo, ɗan sandan da ba sa ga maciji da juna, abin da ba zai taɓa yi ba ko nawa aka biya shi. Dubi Nero Wolfe na Rex Stout. Mutum ne mai jiki da ba ya son fita daga gida, kusan kullum daga ƙarfe 9 zuwa 11 na safe da 4 zuwa 6 na yamma yana saman bene wajen furanninsa, yaronsa Archie Goodwin ne ke yawon ƙafa kuma shi ke ba da labarin. Ka sauko da shi ƙarfe 10 ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, tsofaffin masoyansa sun gama da kai a shafin nan. Wani ya fi ka sanin jarumin, kuma ba ya yafiya.

Ka tambayi magada ko mamacin ya bar takardu. Raymond Chandler ya rasu a 1959 ya bar babi huɗu na wani littafi kan jaruminsa Philip Marlowe, Parker ɗin nan dai shi ya ƙarasa shi a 1989. Abin da ya tarar ba sauƙi: a babin nan huɗu an riga an yi wa Marlowe aure da mace mai kuɗi, mutumin da kaɗaici ne rabin halinsa. Haka nan ya ɗauka, don ba shi da ikon goge abin da mai abu ya rubuta.

Yanzu murya, inda galibi ake zamewa. Sabon shiga yakan kwashe salon maigidan ya zuba fiye da kima. In mamacin yana jefa habaici ɗaya a babi, shi sai ya jefa biyar a shafi, abin ya koma kwaikwayo irin na masu ba da dariya. A ganina kunnenka ya kamata ka horar. Ka karanta shafukansa da ƙarfi, ka ji tsawon jimlolinsa, ka lura da inda yake yin shiru. Sannan ka rufe littafin ka rubuta naka. Halin jarumin ne ba ya taɓuwa. Laifin da zai bincika kuwa dole ya fito daga cikinka, daga abin da ke damunka kai. In ba haka ba, tsohon tuwo ka ɗumama.

Ka yanke shawara kan zamani da wuri. Zai tsufa? Zai riƙe wayar salula? Sophie Hannah, da ta ɗauki Poirot, mai binciken da Agatha Christie ta ƙirƙira, a 2014, ta mayar da shi shekarar 1929, ta huta da wannan ciwon kan. In ka kawo shi yau, ka tuna rabin abin da a da yake cinye masa takalmi yanzu a intanet ake samu cikin minti biyu, sai ka nemo masa wahalar da kwamfuta ba ta warwarewa.

Kada ka kashe kowa daga cikin na kusa da shi a littafinka na farko, kada ka tona abin da mamacin ya ɓoye da gangan. Parker bai taɓa faɗin sunan farko na Spenser ba, kai ma ka bar shi.

In ka gama, kafin edita, ka miƙa wa mutum biyu: wanda ya haddace jerin, da wanda bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na farko ya ja layi duk inda ya ji jarumin ya faɗi abin da ba zai faɗa ba. Na biyu ka tambaye shi a wane shafi ya ajiye littafin ya tashi.