Babi na Huɗu: Wasan Bolin ga Mai Farawa

Darasi na 1: Riƙon ƙwallo

'Yan'uwa ɗalibai, a wuraren shaƙatawa na Lekki da ke Legas ana yin wani wasa da ake kira bolin. Ana jera kwalaben katako 10 a ƙarshen wata doguwar hanya mai santsi, ɗaya a gaba, biyu a bayanta, sai uku, sai huɗu, kuma daga layin da ba a ƙetarewa zuwa kwalbar farko ƙafa 60 ne. Aikinka shi ne ka mirgina ƙwallo ta kayar da su.

Ƙwallon tana da ramuka uku. Babban ramin na babban yatsa ne, sauran biyun kuma na yatsan tsakiya ne da wanda ake sa wa zobe. Manuniya ba ta shiga rami. A sake karanta wannan jimla. Ɗaga hannunka yanzu, ka taɓa yatsan tsakiya, ka taɓa na zobe, ka bar manuniya da ƙaramin yatsa kwance a bayan ƙwallon. Madalla, ka sake. Ba abin kunya ba ne idan hannu ya ƙi da farko, domin manuniya ta saba shiga gaba a kowane aiki.

Sai dai kuma, Alhaji, idan an gyara maka sau uku ka koma cusa manuniya, to taurin kai ne, kuma wuyan hannunka ne zai gaya maka. Na tsakiya da na zobe, sannan babban yatsa ya shige duka.

Kada ka ɗauki ƙwallo mafi nauyi don a ce kai ƙarfaffa ne. Iyakar nauyinta fam 16 ne, wato kilo 7 da ɗoriya, kuma ba buhun albasar kasuwar Mile 12 aka ce ka ɗauka ba. Hajiya, ki fara da mara nauyi wadda babban yatsanki ke fita daga cikinta ba tare da maƙalewa ba.

Darasi na 2: Taku da saki

Karɓi takalmin wasan a wurin ma'aikata. Yi taku huɗu, ka saki ƙwallon a ƙasa, ba jifa ake yi ba. Babban yatsa ne ke fara fita. Kada ka taka layin, domin an shafa wa hanyar mai, kuma abin da ka kayar ba za a ƙirga ba. Dubi kibiyoyin da aka zana a hanyar, mai dama ya nufi tsakanin kwalba ta 1, wato ta gaba, da ta 3, wato ta bayanta ta dama, bahago kuwa ta 1 da ta 2, wato ta bayanta ta hagu. Kafin ka taka, duba yatsunka.

Darasi na 3: Maki

Wasa zagaye 10 ne, kowane zagaye ƙwallo biyu. Wanda ya kayar da duka a karon farko ya ci 10 haɗe da abin da ya kayar a ƙwallo biyu masu zuwa, idan kuwa sai a karo na biyu, ya ci 10 haɗe da abin da ya kayar a ƙwallo ɗaya mai zuwa. Iyakar maki 300 ne. Kwamfuta ce ke lissafin.