Yadda na hana sanyi kama ɗana idan muka fita da kare

Tun da ruwan Nuwamba ya kankama a Manchester, duk lokacin da muka fita zagaye da kare, ɗana mai shekara 2 yakan dawo yana rawar ɗari. Na jibga masa rigunan auduga uku, na ƙara jaket mai kauri, amma abin bai canza ba.

Wata rana ina cire masa kaya sai na ji singiletinsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ashe auduga tana riƙe danshi, ga shi yana zaune a keken yara ba ya motsi, jiƙaƙƙen kayan ne suke janye masa ɗumin jiki.

Sai na mayar da rigar ciki ta ulu, na ɗora suwaita ɗaya, sannan rigar ruwa mai haɗe da wando. Na sa masa safar ulu cikin takalmin roba mai ɗan yalwa, domin matsattse yana hana jini gudana, da hula mai rufe kunnuwa, na kuma lulluɓe keken da ledarsa. Bayan kowane minti 10 nakan taɓa bayan wuyansa. Idan na ji gumi sai in sassauta zif.

Alhamdulillahi, mako uku ke nan bai yi rawar ɗari ba.