Yadda Ake Rarrabe Doka da Al'ada a Wasan Besbol

Matashin Garwa ko Marwa da zai kalli besbol ɗin Amurka (wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda) a wayarsa, ya fara riƙe rubutacciyar doka: zagaye 9 ake yi, kuma tun 2023 mai jifa yana da daƙiƙa 15 kacal ya saki ƙwallo idan babu abokin hamayya a kan tasha, wato wuraren da wanda ya bugi ƙwallo ke gudu ya tsaya a cikin fili.

Sannan ya lura da abin da ba a rubuta ba, wanda a ganina ya fi nauyi. Ƙungiyar da ta ba da tazara mai yawa ba ta satar tasha (wato ɗan wasa ya ruga zuwa tasha ta gaba ba tare da jiran a bugi ƙwallo ba) a ƙarshen wasa, domin cin fuska ne. Mai jifan da ya hana abokan hamayya bugu ko ɗaya kuwa, 'yan ƙungiyarsa kan bar shi shi kaɗai a benci, ba mai ambata masa zancen, gudun kada a yi masa baki.